Makin da Ummanku Ta Tara

Sau uku ina fara wannan babin ina yage takardar. Ku 'ya'yana kun tashi kuna jin cewa kamfanin jirgi ne ya hana Ummanku ganin mahaifiyarta kafin ta rasu. Na sha jin Mustafa yana faɗa wa baƙi haka da Larabcinsa, har yana rantsuwa shi da hawa jirginsu har abada, ni kuwa ina gefe riƙe da kofin shayi. To, kamfanin nan bai yi mana laifin komai ba. Ni ne. Ummanku ta rufa mini asiri har ta koma ga Allah, amma ni ba na so na bi ta da wannan kaya a ka.

A lokacin muna unguwar Hindawiyya a Makka, a ɗakunan nan biyu na hawa na uku da kuka sani. Takardar zamana ta direba ce, amma gaskiya tukunyar Ummanku ce ta riƙe gidan. Alhazanmu da masu Umara idan suka yi kwana huɗu suna cin gurasa da shinkafar Larabawa, cikinsu ya fara neman gida, wurinta ake zuwa. Tuwo da miyar kuka, shinkafa da wake, dambu, wani lokaci har ɗanwake idan mai ciki ta roƙa. Nawa aikin shi ne cefane da kai abinci masauki. Kowane mako ina kasuwar Ka'akiyya ina lodin buhunan shinkafa, jarkokin mai, katan-katan na kaji, albasa da tumatir, ina zaro kuɗi daga aljihu ina biya. Haka muka yi shekaru, har ranar da Abu Nasir ya gan ni. Shi Bahaushe ne haifaffen Makka, kakanninsa a ƙafa suka zo ta Sudan, kuma yana da ɗan ofishin yankan tikiti a bakin layinmu. Hausarsa rabi Larabci ce, kuma ba ya magana a hankali.

"Ya Abu Mustafa, wallahi kai miskin ne! Duk wannan kaya da kuɗi a hannu? Haram alaik. Kana zubar da jirgi a ƙasa kana takawa."

Na ce wane irin jirgi kuma. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Akwai katin banki wanda idan ka yi sayayya da shi, kowane riyal da ka kashe ana rubuta maka maki. Makin nan idan ya taru ana mai da shi mil na kamfanin jirgi, mil kuma ya zama tikiti, sai ɗan abin da za ka biya na haraji. Shi da haka ya je Masar, ya je Malesiya. Na koma gida na kwashe duka na faɗa wa Ummanku tana tsaye tana tuƙa tuwo. Ba ta ko juyo ba.

"Malam, ba irin katin nan ba ne mai kuɗin ruwa?"

"Idan an biya kafin wata ya ƙare babu ruwa ko ɗigo. Ke za ki riƙa ba ni kuɗin cefanen kamar kullum, ni kuma na zuba musu."

"To makin na wa? Na mai katin ko na mai tukunya?"

"Naki ne. Shi zai kai ki Gaya ki ga Inna."

Nan ta ajiye muciya ta dube ni. Shekararta tara rabon ta da gida. Ba wai ba ta tara kuɗin tafiya ba ne. Ta tara ya fi sau biyar, amma duk sanda ya kusa kaiwa sai wani abu ya taso: sabunta takardun zama, kuɗin haya, makarantarku, ciwon da Hafsat ta yi. Shi ya sa maganar makin ta shige ta. Ta ce wannan ne kaɗai ajiyar da mai gida ba zai karɓa a haya ba, asibiti ba zai karɓa ba, ba mai zuwa ya ce a ranta masa. Ta ce ko yunwa ba ta iya cin sa.

Ummanku ba ta yi boko ba, amma ta san lamba. Duk ƙarshen wata, idan makin ya sauka, sai ta goge hannu a zani ta ce na buɗe mata wayar ta gani. Muka mai da abin wasa. Mukan auna shi da hanyar da kakannin Abu Nasir suka biyo, amma a juye. Shekarar farko ta ce, "Mun fita Jidda?" Na ce mun fita, muna tsakiyar teku, a riƙe zani. Daga baya muka kai Khartoum. Bayan Hajji na biyu muka kai Injamena, ta yi guɗa har Hajiya Zulai maƙwabciyarmu ta leƙo tana tambayar wa ya haihu. Muka isa Kano, muka fara tara na dawowa. A shekara ta huɗu makin ya cika zuwa da komowa. Muka yanke cewa idan an gama Hajjin shekarar, gari ya yi shiru, za ta tafi ta yi wata biyu. Ta fara tara tsaraba a wani babban akwati: dabino, turare, sallaya mai laushi saboda gwiwar Inna.

A ofishin Abu Nasir akwai benci biyu da muke zama bayan La'asar. Yawancin masu zaman sun ga duniya, ko dai suna cewa sun gani. Wannan ya nuna hotonsa a dusar ƙanƙara, wancan a gaban wani dogon bene. Ni ina da shekara hamsin da takwas, ban san ko'ina ba sai Kano da Makka da Jidda da Madina. Wata rana a cikin Rajab suka sa ni a gaba da tsiya. Wani ya ce fasfona fari fat yake kamar haramin sabon alhaji. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma abin ya zauna mini. Da jama'a suka watse Abu Nasir ya riƙe ni, ya juyo mini da fuskar kwamfutarsa. Ya ce banki na yin garaɓasa a makon, duk wanda ya mai da makinsa mil za a ƙara masa. Ya ce abin da ke katina zai kai ni Istanbul ya dawo da ni, kuma ba a kujerar baya ba, a ta gaba, wadda ake kwantarwa ta zama gado.

"Makin Hajiya ne," na ce.

"Ya shaikh, Hajiya sai bayan Hajji za ta tafi. Azumi na zuwa, Hajji na zuwa, kasuwarku za ta buɗe. Za ka mayar kafin ta waiwaya. Khalas, kawo wayar."

Ba zan ɗora wa Abu Nasir ba. Shi ciniki ya nuna mini, bai san Inna ba, bai san akwatin tsaraba ba. Ni kuwa na sani sarai cewa abin da aka tara a shekara huɗu ba ya dawowa a wata huɗu. Ina sane na miƙa wayar. Kuma ga abin da zai nuna muku cewa ba ruɗewa na yi ba: kafin na miƙa, sai da na ɗauki hoton fuskar wayar da lambar makin a cike, na adana.

Na gaya wa Ummanku cewa Abu Nasir ne zai tura ni duba masa farashin sallaya da casbi, shi zai biya komai. Ta yi murna ƙwarai. Ta goge mini kaya kala uku, ta aro mini rigar sanyi wurin mijin Hajiya Zulai, ta yini tana yi mini dambun nama, wai kada abincin can ya ƙi ni. Tana ɗaure ledar tana cewa, "Kai ma dai yau Allah ya yi. Ka gano mana yadda cikin jirgin zamani yake, kada na je na yi ƙauyanci."

Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗin tafiyar. Kujerar ta kwanta kamar yadda aka faɗa. Aka kawo mini tawul mai ɗumi ban san me ake yi da shi ba, sai da na saci kallon na kusa da ni. Na ɗauki hoto ya fi talatin, na tura wa 'yan benci. Na yi kwana biyar ina yawo, na yi salla a manyan masallatai, na hau jirgin ruwa, sanyi ya kusa tsinke mini kunne. Abinci ya yi mini tsada, saboda haka dambun Ummanku na riƙa ci da burodi a ɗakin masauki. Na sayo mata mayafi ruwan toka. Da na dawo ta yafa shi ta shiga gidan Hajiya Zulai tana nunawa. A ƙarshen watan ta ce na buɗe mata waya, na buɗe mata hoton nan da na adana. Ta duba ta ce lambar ba ta motsa ba. Na ce bankin ne ke da jinkiri.

Azumi ya zo ya wuce, muka yi ciniki mai kyau, muka juya kuɗin duka muka sayi kayan Hajji, har katin ya cika ba ya ɗaukar ko riyal ɗaya. Kwana goma bayan ƙaramar Salla, da hantsi, Habibu ƙanen Ummanku ya bugo daga Gaya. Inna ta faɗi a bakin rijiya, ɓarin jikinta ya shanye. An kai ta asibiti an dawo da ita gida. Tana magana da ƙyar, kuma sunan da take ta ambata shi ne Rabi, wato Ummanku. Ummanku ta ajiye wayar, ta kashe wuta a ƙarƙashin tukunya, abin da ban taɓa ganin ta yi ba da abinci bai nuna ba.

"Malam, a fasa jiran Hajji. Zulai za ta riƙe mini tukunya. Je ka ciro mini tikitin nan."

A nan ne ya kamata na faɗi gaskiya. Da na faɗa a ranar, da ta yi fushi, ta yi kuka, wataƙila ta yi mako ba ta yi mini magana ba, amma da jibi tana Gaya. Tana da awarwaro biyu na zinariya a hannunta da ta saya da ribar Hajjinta na farko, na sani, ita ma ta sani. Abin da na yi shi ne, na zauna a gabanta na yi mata bizar fita da dawowa a waya don ta ga ina ƙoƙari. Sannan na fita na zauna a mota kusan awa biyu, na dawo na ce mata kujerun masu maki sun ƙare a wannan makon, an sa sunanta a layin jira.

Ga dabarar da na ƙulla a raina. Makin kati ba ya sauka sai an rufe lissafin wata. Na ce kayan Hajjin da muka lafta wa katin, da na azumi, idan makinsu ya sauka wataƙila ya isa tikitin zuwa kaɗai, na dawowa kuma Allah ya kawo yadda za a yi. Saura kwana ashirin da ɗaya wata ya rufe. Wato na zauna na auna ran tsohuwa da ranar da banki ke rufe lissafi, na ce za ta jira. Ban iya buɗe baki na nemi taimakon kowa ba, domin duk wanda zan tambaya ya ga hotona a kujerar gaba.

Kowace safiya sai na sa hula na ce na tafi bibiya. Wani lokaci Harami nake zuwa na zauna ina kallon masu ɗawafi, na kasa ko ɗaga hannu. Ummanku tana ci gaba da girki, akwatinta a bakin ƙofa, mayafinta a kansa. Habibu na bugowa kullum, ita kuma tana ce masa a gaya wa Inna Malam na ta zirga-zirga, yau ko gobe. Ranar da asirina ya kusa tonuwa ita ce ranar da Hajiya Zulai ta shigo tana yanka albasa ta dube ni.

"Ni fa Baban Mustafa abin nan ya ɗaure mini kai. Yanzu da jirage ke sauke alhazai suna komawa wayam, ina aka ga babu kujera? Ko aljanu ne ke komawa Kano?"

"Kujerar maki daban ce, Hajiya. 'Yan kaɗan suke warewa."

"To su ware ɗaya mana. Mutum da haƙƙinsa!"

Ummanku ce ta tare mini. Ta ce Zulai ta bar Malam ya ji da abin da ke damunsa, ba ta ga har ya rame ba?

Wata ya rufe, makin ya sauka. Na duba a mota. Da irin awonmu na da, ko Khartoum bai kai ba. Na koma gida na ce har yanzu dai layi. Washegari Habibu ya bugo ya ce Inna ta daina cin abinci, ruwa ma sai da cokali. Ummanku ta shiga ɗaki ta fito da abaya, fasfonta a hannu.

"Tashi ka kai ni ofishin masu jirgin na Jidda. Kai namiji ne, kunya kake ji. Ni zan durƙusa musu."

Na tada mota muka kama hanyar Jidda. Tana ta shirya abin da za ta ce musu da guntun Larabcinta, tana tambayata yadda ake cewa mahaifiyata na bakin mutuwa. Muka wuce shingen fita Makka. A nan na ga ba zan iya kai ta ofishin nan ba. Na ratse a wani gidan mai, na kashe mota, na gaya mata. Ban dube ta ba, gilashin gaba na yi wa magana. Na ce babu maki, babu layin jira, ba a taɓa sa sunanta ko'ina ba. Wani ma'aikacin gidan man ya zo ya ƙwanƙwasa gilashi, na ɗaga masa hannu ya tafi.

"Yaushe?"

"A Rajab."

"Istanbul ɗin?"

"E."

"Lambar da kake nuna mini fa?"

"Hoto ne."

Na fara cewa zan mayar mata da makinta ko zai ɗauke ni shekara goma. Ta katse ni, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Wa ya tambaye ka maki? Kwana ashirin da uku, Malam. Kwanakin nan za ka mayar mini?"

Ta zare awarwaron, ɗaya ya ƙi fita sai da ta murje fatar hannunta. Ta ce na juya mota. Muka sayar da su a kasuwar zinariya kafin Azahar. Ta ce ba za ta taka ofishin Abu Nasir ba, muka shiga wani a gaba. Mai yankan tikitin ya danna kwamfuta bai fi minti biyu ba, ya ce akwai jirgi gobe, zai yada zango a wata ƙasa ya kwana, ya isa Kano jibi da safe. Sai ya ɗago kai ya tambaye ta ko tana son kujerar taga ko ta bakin hanya, ta zaɓi duk wadda ta ga dama, domin jirgin kusan babu kowa.

Inna ta cika da La'asar ɗin ranar da Ummanku ke zaune a filin jirgin waccan ƙasar tana jiran na biyu. Aka yi mata sutura kafin Magariba, kamar yadda ake yi. Habibu ya tarbe ta a Kano bai gaya mata ba, yana ta yi mata hirar hanya. Sai da motar ta shiga layinsu a Gaya ta hango maza zaune a kan tabarmi a ƙofar gida. Sallayar nan mai laushi da ta saya saboda gwiwar Inna, a kanta ta zauna ta karɓi gaisuwa.

Ta yi kwana arba'in a can. Hajjin shekarar Hajiya Zulai ce ta yi girkin, ni na yi ta kai abinci Mina kamar wanda aka zare wa laka. Da kuka bugo mata kuna tambayar yadda aka yi ta makara, ina tsaye ina jin muryarta a wayar Hafsat, ta ce masu jirgi ne ba su ba da kujera da wuri ba, haka Allah ya rubuta. Ni ba ta nemi a ba ni wayar ba, ni ma ban iya karɓa ba.

Ranar da ta dawo ni kaɗai na je Jidda ɗauko ta. Ta rame, hannunta babu awarwaro. Na karɓi jakarta, na yi mata gaisuwar rashi, ta amsa kamar yadda ake amsa wa kowa. Na zaci za ta zauna a baya, sai ta buɗe gaba ta zauna. Muka kama hanyar Makka. Na riga na shirya ran cewa za ta nemi takardarta, kuma na yanke ba zan yi gardama ba. Da muka fara hango duwatsun Makka sai ta gyara zama.

"Akwai saƙonka."

Na ce daga wa.

"Daga Inna. Ta bar wa Habibu, kwana biyu kafin bakinta ya rufe. Ta ce a gaya wa Malam ta ji duk wahalar da yake sha da masu jirgi saboda ita. Ta ce ko na iso ko ban iso ba, kada na kuskura na ga laifinka. Ta ce Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka kamar yadda ka yi mata."

Na ce, "Kin gaya musu gaskiya?"

"Ban gaya wa kowa ba. Saƙon mamaci amana ne, na kawo maka yadda aka ba ni. Ka ce amin mana, Malam."

Na ci gaba da tuƙi. Ta jira ni har muka shiga gari, har na tsayar da mota a ƙofar gida, sannan ta ɗauki jakarta da kanta ta hau bene. Yau shekarun nan duka, na yi ɗawafi ban san adadi ba, na roƙi Allah abubuwa da yawa, amma addu'ar nan ta Inna har yanzu ban ce mata amin ba.